Shaidar da Baffa Ya Bayar a Kaina

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda na rantse ba zan manta ba, amma wannan da zan ba ku labarinsa yau, har ƙasa ta rufe min ido yana nan daram. Shekaru sun ja, gemuna ya yi furfura, duk da haka in na ga matashi ya duƙufa a kan waya yana cike fom ɗin neman aiki, sai gabana ya faɗi, in ji kamar in dafa kafaɗarsa in ce ya dakata tukuna.

A Tsafe aka haife ni, amma a Bungudu na tashi. Ƙanen mahaifina, wanda nake kira Baffa, ya daɗe da aure Allah bai ba shi haihuwa ba, don haka ana yaye ni aka ɗauke ni aka kai masa riƙo. Daga baya ya samu nasa 'ya'yan, amma ni na riga na zama ɗan fari a gidan, da duk abin da ke biyo bayan wannan. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da nake nufi. Baffa bai taɓa kiran sunana ba. "Wanga" yake ce min, ko "yaron nan". Ba ya hira da ni, ba ya yabona, in na ci jarrabawa sai ya karɓi takardar ya duba, ya ce "To", ya miƙo min abata. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma ban taɓa ɗaukarta ƙiyayya ba, don kuwa haka na ga ana yi a kowane gida. Matarsa, Inna, ita ce mai shiga tsakaninmu. In ina son abu ita nake faɗa wa, in yana da saƙo ita yake bai wa.

Baffa hedimasta ne a wata firamare a can Bungudu. Da na gama kwalejin horon malamai ban samu aiki ba, sai na shiga makarantarsa ina koyarwa haka nan, ba takardar ɗauka, har shekara biyu. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba, kowa na cewa aiki zai yi yawa har a rasa masu yi. Ina! Na yi zirga-zirga tsakanin Bungudu da Gusau da fayil a hammata har masu gadin ofisoshi suka san ni, suna hango ni sai su ce, "Malam, yau ma oga bai shigo ba." Sa'o'ina duk sun yi aure, ni kuwa ina nan ina cin tuwon Inna, ƙato da ni. Abin ya ishe ni matuƙa.

Ana cikin haka ne, wajen ƙarshen shekarun casa'in, na ji labarin wani dattijo a Gusau da ya sa kwamfuta a shagonsa, wai har tana magana da ƙasashen waje. Tsohon mai buga tafireta ne a ofishin gwamnati, ya yi ritaya ya buɗe shagon buga takardu. Malam mai kwamfuta muke ce masa. Yaran yanzu ba za su gane ba. Intanet ɗin lokacin ba a aljihu take ba. Sai an jona wayar tarho, na'urar ta yi ta ƙara kamar gyare ya shiga kwalba, a yi ta jira, in an yi sa'a ta kama, in ba a yi ba a dawo gobe. Ga ɗauke wuta. Kuma adireshin imel guda ɗaya tal ke akwai, na shagon, duk mai neman abu da shi yake aikawa, amsa ma a nan take sauka. Malam yakan buga tallan guraben aiki da ya gani ya liƙa a ƙofa, mu marasa aiki mu taru muna karantawa.

A nan na ga tallan. Wata ƙungiya ce mai ofis a Kaduna, uwar ofishinta kuwa a Turai, tana neman wanda zai jagoranci karatun manya a ƙauyuka da rugagen Zamfara. Suna son malami mai jin Hausa da Turanci, in da ɗan Fulatanci ya fi. Na karanta sau uku. Wallahi kamar an gwada ni aka ɗinka.

Malam mai kwamfuta mutum ne mai faɗa amma mai amfani. Ya zaunar da ni ya ce, "Ka ga, abu huɗu zan hwaɗa maka. Karanta tallan har ƙasa kahin ka rubuta komi. Kada ka cika su da surutu, shahi guda ya isa. Takardunka na asali kada su bar hannunka. Wanda duk ya ce ka biya kahin ya ba ka aiki, ɓarawo ne, ko da Larabci ya rubuto." Na rubuta tarihin karatuna shafi uku, har da cewa na taɓa zama mai kaɗa ƙararrawa a firamare. Ya ɗauki biro ya yi ta soke-soke yana tsaki har ya dawo da shi shafi guda. Na ji haushi a ranar, amma gaskiyarsa ce.

Da muka zo ƙarshen fom ɗin sai ga wurin da aka ce a rubuta sunan wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa, wanda za su tambaya ya ba da shaida a kanka. Ban ko yi tunani ba na faɗi sunan Baffa. Wa nake da shi in ba shi ba? A ƙarƙashinsa na yi aikin, kuma duk Bungudu ba wanda ake ganin girman maganarsa kamarsa. Malam ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Ka hwaɗa mashi?"

Na ce, "Malam, Baffana ne fa. Shi ya rene ni."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Na yi dariya na ce ya buga kawai, zan faɗa masa. Ban faɗa ba. Ku da kanku ku duba min: ta ina zan fara? In durƙusa a gaban mutumin da bai taɓa kiran sunana ba, in ce, Baffa, za a tambaye ka halina, don Allah ka yabe ni? Ko ta bakin Inna ma na ji nauyin aikawa. Na ce a raina ai abu ne da ba ya buƙatar magana.

Bayan sati biyu amsa ta zo, an kira ni intabiyu Kaduna. Na ari takalmi na tafi. Mutum uku suka yi min tambayoyi, shugabarsu wata Baturiya ce mai ɗan jin Hausa. Na amsa komai, har na sa su dariya da labarin yadda nake koya wa dattawa baƙaƙe da ƙwayar masara. Da za mu rabu ta raka ni bakin ƙofa ta ce mutum biyu suka rage, ni da wani, kuma ba ta ɓoye min ba cewa ni ne a gaba. Abin da ya rage kawai su ji daga waɗanda muka yi aiki a ƙarƙashinsu. Ɗayan ma na san shi, abokin karatuna ne ɗan Furfuri, shi ma a ƙofar Malam ya ga tallan, shi ma ya taɓa koyarwa a makarantar Baffa na zango ɗaya. Ban ɗauke shi a bakin komai ba, Allah Ya yafe min.

Daga Kaduna ban wuce Gusau ba, a Tsafe na sauka wurin mahaifiyata. Na baje baki. Na faɗa wa kowa aiki ya samu, saura takarda. Gwaggonnina suka fara kawo min zancen 'yan mata, ni kuma ina ta basarwa kamar wani babban ma'aikaci. Malam ya ja min kunne tun farko cewa mai neman aiki ta intanet ba ya yin nisa da akwatin saƙo, ya riƙa leƙowa duk bayan kwana biyu. Ni na kwana tara a Tsafe ana dama min fura.

Ran da na koma Gusau, ranar Talata ce da hantsi, an yi ruwa da safe gari ya yi sanyi. Tun daga Kwatarkwashi nake tsara yadda zan shiga ofisoshin nan da suka wahalar da ni in yi musu sallama ta ƙarshe. Ina shiga shagon na ga fuskar Malam, na san ba lafiya. Bai amsa barkwancina ba. Ya jawo kujera ya ce in zauna, ya miƙo min takarda.

Sun bai wa ɗan Furfuri aikin. Wannan kaɗai ya isa ya kayar da ni, amma ba shi ne ya kayar da ni ba. A ƙasa Baturiyar ta ƙara layi biyu da kanta. Ta ce ta so ƙwarai su ɗauke ni, amma shugaban makarantar da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya ƙi ya faɗi komai a kaina, kuma ƙa'idarsu ba ta yarda su danƙa aiki ga mutumin da maigidansa ya ƙi tsaya masa ba.

Na karanta, na sake karantawa. Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, wannan ƙarya ce. Na'urarka ce ta cinye rabin saƙon."

Ya ce na'ura ba ta ci komai ba. Tambayoyin sun zo washegarin intabiyu, da wa'adin kwana biyar. Ya buga su, ya sa a ambulan, ya bai wa direban motar Bungudu. Amsa ta dawo ran da wa'adin zai cika. Ya aika a nemo ni, aka ce ina Tsafe. Na ce ya nuna min amsar. Ya ƙi, ya ce amana ce. Na miƙe tsaye na ce wallahi ba zan bar shagon ba sai na gani. Muryata ta tashi har mai gyaran rediyo na kusa ya leƙo. A ƙarshe ya buɗe aljihun tebur ya ciro takardar ya ajiye a gabana.

Rubutun Baffa ne. Ko cikin dubu zan gane shi, rubutun nan mai kwanciya gefe da yake sa hannu da shi a rajistar makaranta. Da Turanci ya amsa, ga abin da ya ce. Tun yaushe ka san shi? Tun yana goye. Mene ne tsakaninku? A gidana yake. Yaya ƙwazonsa a wurin aiki? Ba ni ne zan faɗa ba. Yaya gaskiyarsa da riƙon amanarsa? A tambayi wasu. Tambaya ta ƙarshe, ko kana ba mu shawara mu ɗauke shi? Nan bai rubuta komai ba, fili ne fari fat.

Ina ajiye takardar sai idona ya faɗa kan wata a ƙarƙashinta, rubutu iri ɗaya, shafi biyu cike har gefe. Ta ɗan Furfuri ce. Ban karanta duka ba, amma na ga "haziƙi", na ga "mai ladabi", na ga "ba za ku yi da-na-sani ba". Mutumin da ya yi masa zango ɗaya! Ni da na yi shekara biyu ina share masa aji, ina ɗauke masa darasin duk malamin da bai zo ba, a tambayi wasu.

Na juya kan Malam. Na ce, "Kai ma da ka gani, me ya hana ka gyara? Layi biyu kawai! Wa zai sani?"

Ya cire tabarau ya ce, "In sa wa dattijo magana a baki? Shekara ashirin da wani abu ina buga takardun mutane, ban taɓa ƙara waƙafi ba. Na riƙe ta har la'asar ina jiranka. In ban aika ba ma an cire ka. Kuma na tambaye ka tun ran hwarko."

Ban tsaya jin sauran ba. Yadda na isa tasha da yadda na shiga mota, ban sani ba. Abin da na sani shi ne duk hanyar Bungudu zuciyata tafasa take. Na tono duk wani abu da ya taɓa faruwa tsakanina da Baffa na sake masa fassara. Ashe duk shirun nan ba kunya ba ce. Ashe don ni ba ɗan cikinsa ba ne. Ashe so yake in dawwama ina yi masa bauta a makaranta. Shaiɗan ya samu wurin zama a kaina ya miƙe ƙafa, ni kuma ina ta ba shi hira.

Na tarar da Baffa a zaure yana duba littattafan yara. Na zo da magana cike da baki, amma ina ganinsa ta maƙale. Na gaishe shi a tsaitsaye, abin da ban taɓa yi ba, na wuce cikin gida. Inna na tankaɗe a tsakar gida. A kanta na sauke komai.

"Inna, me na yi wa Baffa? Ku faɗa min laifina! In ba a so na a gidan nan a mayar da ni Tsafe, ai ina da uwa!"

Ta saki rariya ta ce, "Subhanallahi! Kai da wa? Mi ya hwaru?"

Na faɗa mata an aiko a tambaye shi halina, ya yabi bare shafi biyu, ni ya ce a tambayi wasu. Ga mamakina sai ta yi dariya, har da tafa hannu.

"Wannan ne ya tayar maka da hankali? To mi kake so shi ce? Shi yabe ka da bakinshi, ga baƙi? A ce malam ya zauna yana koɗa ɗanshi na hwari? Ai ko su masu tambayar sai su raina shi. Kai ba ka ga yadda ya yi da takardar nan ba. Sai da ya kai ta masallaci ya nuna wa abokanshi, wai Turawa na tambayar yaron nan. Kwana uku tana aljihunshi. Ya ce min duk mai hankali in ya ga ya yi shiru, ya san nashi ne, kuma ya san ba a yin shiru a kan abin banza."

Wannan ya fi na shagon girgiza ni. Na zo da shirin faɗa da maƙiyi, sai na tarar ba maƙiyi a gidan. Mutumin nan ya zauna ya auna kowace kalma, ya ga ya yi min gata iyakar gata. A zamanin da ya fara aiki haka ake yi, mai karanta takardar ɗan gari ne, ya san wane ne ɗan wane, ya san abin da shirun dattijo yake nufi. Ba wanda ya gaya masa cewa wannan karon takardar za ta faɗa hannun wadda ba ta taɓa jin ana kunyar ɗa ba.

Na ce, murya ƙasa-ƙasa, "Inna, sun hana ni aikin. Saboda amsarsa. Sun rubuto haka ƙarara."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ba ni take kallo ba, bayana take kallo. Na waiwaya. Baffa ne tsaye a bakin ƙofar zaure da buta a hannu, ya shigo alwalar la'asar. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Ya ajiye butar a ƙasa a hankali, ya juya ya fita, ko alwalar bai yi ba. Tuwonsa na yamma haka aka ɗauke shi ba a taɓa ba.

Washegari da sassafe Inna ta buga min ƙofa ta ce, "Tashi, ya ce ka zo ku tahi." Na fito na gan shi cikin babbar rigarsa ta Juma'a, ranar Laraba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya bar makaranta ranar aiki ba, ko da zazzaɓi yake. Muka shiga mota, shi a gaba ni a baya, har Gusau.

A shagon suka gaisa da Malam mai kwamfuta, gaisuwar dattawa mai tsawo. Sannan Baffa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wanga shi jira waje." Na fita na zauna a benci. Sai dai bangon shagon katako ne, tagar kuma a buɗe take. Ban yi niyyar saurare ba, amma ban tashi ba.

Ya ce a rubuta wa matar nan. Malam ya ce, "To, sunan wa zan sa a sama?" Can Baffa ya ce, "Rubuta, ai ka san shi." Daga nan ya fara, da Turancinsa na mutanen da, a hankali, yana jira a buga.

Ya ce shekara biyu yaron nan ya koyar a makarantarsa ba a ɗauke shi aiki ba, bai taɓa makara ba. Ya ce da iska ta yaye rufin aji huɗu, sauran malamai suka ce a sallami yara, yaron nan ya kwashe su ya kai gindin tsamiya ya ci gaba da darasi har aka gyara. Ya ce duk ranar Alhamis yakan hau keke ya je ruga ya koya wa makiyaya karatu, ba wanda ya sa shi. Wannan ya sa na dafe kai, domin a ɓoye nake zuwa, na ɗauka ko Inna ba ta sani ba. Ya ce akwai ranar da wani mai hali ya zo yana son a gyara wa ɗansa sakamako, yaron nan ya ƙi, kuma bai taɓa ba kowa labari ba. Ya ce a shekara talatin da ya yi yana aikin makaranta bai ga malami kamarsa ba. A nan muryarsa ta karye, ya yi gyaran murya sau biyu. Sannan ya ce a rubuta cewa shi ya rene shi, kuma a al'adarmu uba ba ya yabon ɗansa na fari, shi ya sa ya yi shiru. In akwai laifi nasa ne, kada a ɗora wa yaron.

Ina zaune a bencin nan, mutane na wucewa, masu baburan haya na ta hon, ni kuwa hawaye na zuba kamar ƙaramin yaro. Ashe duk yana gani. Shekara ashirin da biyar ina zaton ba ya ko lura da ni. Na san abin da faɗin waɗannan kalmomi ya ci masa, a gaban wani namiji, a cikin kasuwa. Da na ji motsin fitowarsa na yi maza na goge fuska na matsa can nesa, kamar ina kallon masu faci. Ya fito ya ce, "Mu tahi." Shi ke nan.

Kwana biyar muna jira. Na sa rai, ba zan yi ƙarya ba, na ce wannan takarda ko dutse ta samu sai ya yi laushi. Ranar Litinin Baffa ya sake barin makaranta, muka koma tare. Amsa ta zo. Baturiyar ta yi godiya, ta ce wasiƙar ta taɓa ta ƙwarai, ta ba da haƙuri cewa ba ta san wannan al'ada ba. Amma an riga an ba wancan takardar kama aiki, ya ma fara. Ba abin da za ta iya yi.

Malam ya karanta, ya miƙa wa Baffa. Baffa ya karanta da kansa, ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. A take na ga ya tsufa. Muka fito muka kama hanyar tasha, yana gaba ina biye. Sai da muka kusa isa ya tsaya, ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da bai saba ba.

Ya ce, "Mi ya hana ka hwaɗa min?"

Ba faɗa a muryarsa. Tambaya ce kawai. Me zan ce? Kwana da kwanaki ina ɗora laifi a kan na'ura, a kan Malam, a kan Baturiya, a kansa shi kansa. Da na je na same shi, ko na aika Inna, na ce mutanen nan ba irin namu ba ne, duk abin da ba a rubuta ba a wurinsu babu shi, da ɗayan biyu ya faru. Ko ya danne kunyar ya rubuta, kamar yadda ya yi daga baya, ko ya ce in sa mataimakinsa, wanda da ya cika musu shafi biyar. Kunyar da ta hana shi yabona, ita ce dai ta hana ni tambayarsa. Shi yana da uzurin bai san su ba. Ni na je Kaduna na gan su da idona.

Aikin ya tafi, bai dawo ba. Sai bayan shekara biyu na samu wani. Baffa ya rasu tun tuni, Allah Ya jiƙansa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake tayar da maganar ba, amma Inna ta ce min bai taɓa yafe wa kansa ba. Wannan ya fi rashin aikin ci min rai, domin nauyi ne da ni na ɗora masa.

Don haka duk mai neman aiki ta intanet, ga abin da na koya, kuma da tsada na koye shi. Ka buɗe adireshinka na kanka, ka riƙa dubawa, kada ka tafi shan fura ka bar saƙo yana jiranka. Amma babba a ciki, kafin ka rubuta sunan kowa a matsayin mai ba da shaida a kanka, taka ka je ka same shi. Ka faɗa masa aikin, ka faɗa masa su wa za su tambaya da abin da suke son ji, ka tambaye shi ko zai iya. In na jikinka ne sosai har bakinsa zai yi nauyi, nemi wani. Wanda ke can ƙarshen waya bai san gidanku ba, abin da aka rubuta kawai yake gani. Ni takardata ta je har Turai ta dawo, amma na kasa kai magana guda daga ɗakina zuwa zauren Baffa.